Tashar da Ba Ta da Gabas

A unguwar Utaibiyya, a shekarun da babban yaƙin Turawa ya lafa, babu wanda ya kai Dauda ɗan garuwa sanin ƙarƙashin ƙasa. Larabawan Makka saƙƙa suke ce wa mai irin sana'arsa. Kullum ta Allah sai ya sauka bazan, wato matattarar ruwan nan mai matakala da ruwan Ainu Zubaida ke gangarowa cikinta ta wata hanyar dutse da aka binne tun kaka da kakanni. Ya cika garwa biyu, ya rataya su a sanda, ya hauro da su a kafaɗa, ya bi gida-gida. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta har ta zama kamar tafin raƙumi. Ba ya ƙorafi, don da wannan kafaɗar yake ci da matarsa Ramlatu da tsohuwarsa Inna Ummulkhairi.

Inna da ƙafarta ta zo Makka daga ƙasar Kano, ita da mijinta marigayi, suna tafe suna noma a gonakin mutane har suka ƙetare teku. A nan ta haifi Dauda, a nan ta haifi ƙaninsa Isa. Yanzu ido ya tafi, gwiwa ta ƙi, amma baki yana nan da ƙarfinsa. Kuma akwai abin da shekarun Makka duk suka kasa raba ta da shi: ita har gobe alƙibla sunanta gabas. A garinsu duk mai salla gabas yake kallo, saboda haka kalmar ta zauna mata daram. Daga Utaibiyya kuwa Ka'aba tana wajen kudu ne, kowane yaro ya sani. Amma da an kira salla za ka ji ta ɗaga murya: "Dauda, zo ka juya ni gabas." Shi kuma sai ya ajiye abin da yake yi, ya kama ta, ya gyara mata tabarma ta fuskanci Harami. Bai taɓa gyara mata kalmar ba. Wannan ɗan aikin ya fi masa komai daɗi a duniya, ko da yake da za ka tambaye shi ba zai yarda ba.

Isa kuwa tun yana saurayi ya bi wani jirgin ruwa daga Jidda a matsayin mai zuba masa gawayi, shi ke nan aka daina jin ɗuriyarsa. Mahaifinsu ya rasu ba ya nan. Idon Inna ya rufe ba ya nan. Sai ga shi rana tsaka ya sauko daga motar Jidda da akwatin ƙarfe da wata shirgegiyar riga ta ulu, wadda ko mahaukaci ba zai saka ba a zafin Makka. Da ya yi sallama a ƙofar gida, Inna ta amsa ba tare da ta motsa ba, ta ɗauka Dauda ne, don muryarsu ɗaya ce sak, ta mahaifinsu. Da ta gane, sai ta rushe da kuka, ta riƙe kansa tana shafawa kamar yau ta haife shi.

Dauda ya yi murna, kada a ɗauki alhakinsa. Ya yanka akuya, ya rungume ƙaninsa har sau biyu. Murnar ce dai ba ta yi tsawon rai ba.

Abin da ya kashe ta shi ne labarin tasha. Ashe yaƙi a birnin Landan ya ritsa da Isa, ya rasa jirgin komawa, ya samu aikin shara a wata tashar jirgin ƙasa. Ba kuma irin tashar da alhazan Sudan suka sani ba. Wannan, in ji shi, a cikin ƙasa take, can ƙasa, ƙarƙashin gidaje da kasuwanni har da kogi. Da la'asar ta yi sanyi maƙwabta sai su cika tsakar gida, Ramlatu ta ɗora shayi, Isa ya naɗe ƙafa a gefen tabarmar Inna ya fara.

Kuma ya iya bakinsa, wannan ba a ƙwace masa. Ya ce kakannin mutanen garin ne suka haƙa ta da diga da shebur, kamar gara. Da farko jirgin mai hayaƙi ne, mutane na fitowa fuska baƙi ƙirin suna tari, daga baya aka kawo mai tafiya da lantarki, ba wuta ba gawayi. Ya ce akwai matakala mai tafiya da kanta, kai dai ka tsaya ta sauke ka. Akwai mai sayar da tikiti a bayan taga, akwai mai tsaron ƙofa, akwai ɗakin da ake ajiye duk abin da matafiyi ya manta, ko lema ce, har mai ita ya dawo. Kafin jirgi ya iso sai ka ji wata iska mai ɗumi ta bugo ka daga bakin rami, sannan ƙasa ta fara rawa. Da yaƙi ya yi zafi kuwa, ana ruwan wuta daga sama, sai gari ya koma can da kwana. Aka jera gadaje hawa-hawa, aka kawo masu shayi da masu magani, har haihuwa an yi a gabansa.

"Ya salam!" in ji Abdulganiyyu mai shayin bakin titi, wanda ya rufe rumfarsa don ya zo ji. "Wallahi ya Isa ka ga duniya."

Inna kuwa sai murmushi. Amma kullum ita ce ke cewa a maimaita mata wurin sauka. Ta ce a sake faɗa mata yadda ake barin hasken rana a baya, yadda ake zama a jira, yadda ake ɗaukar mutum cikin duhu a fito da shi a wani wuri dabam. "Kuma ba a jin tsoro?" ta kan tambaya. Isa ya ce ranar farko ce kawai.

Dauda yana daga bakin ƙofa, garwa a gefe, gumi na bin bayansa, zuciyarsa na tafarfasa. Shi fa tun kafin gemu ya fito masa yake sauka ƙarƙashin ƙasa yana hawowa. Ya san sanyinta, ya san warinta, ya san yadda murya ke dawowa mutum a can. An taɓa tara masa mutane a ce ya ba da labari? Ko sau ɗaya Inna ta taɓa tambayarsa ko yana jin tsoro? Wanda ya gudu ya bar uwa da uba shi ne ya dawo da labarin rami, aka shimfiɗa masa tabarma. Wanda ya zauna kuwa, ramin nasa ruwa kawai ake so a ciki. Kishi ne, ba wani abu ba, kuma shi kansa ya san kishi ne. Sanin bai rage masa komai ba.

Abu ya yi ta taruwa. Tsokar da Inna ta saba ture masa a kwano ta koma gaban Isa. Dabinon da take ɓoyewa a ƙullin zane ma haka. Dauda ya haɗiye. Sai ran nan ya dawo daga aiki da sauri don ya riski la'asar, yana shigowa ladan na kira, ya ji Inna ta ɗaga murya kamar kullum. Har ya sauke sanda.

"Isa, zo ka juya ni gabas."

Ya tsaya a soro kamar an dasa shi. Yana kallo ƙaninsa ya kama hannun tsohuwa, ya ja tabarma, bai ma daidaita ta sosai ba. Ranar Dauda bai ci tuwo ba. Ramlatu ta bi shi ɗaki da kwano, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, da ƙaninka kake kishi? A kan tabarma?"

"Wa ya ce miki kishi nake? Ƙarya ce ba na so a gidana."

"Ƙarya ko gaskiya, tsohuwar nan tana dariya. Yaushe rabon da ka ji dariyarta? Ka bar shi, don Allah."

Da ma kada ta faɗi zancen dariyar. Shi ne ya ƙarasa shi.

Washegari ya dawo da wuri, ya yi wanka, ya saka farar riga, ya zauna cikin masu sauraro a karon farko. Isa ya ji daɗi har ya ƙara wa labarin gishiri. Ya kai wurin da suka yi ta kwana a tashar lokacin ruwan wuta.

"Ku fa gane," in ji shi, "can ƙasa fitila ce kawai. Ba ka sanin rana ta fito ko ta faɗi. Ramuka sun karkace nan, sun karkace can. Wallahi babu gabas, babu yamma."

Shi dai kusurwoyin duniya yake nufi, kamar yadda kowa zai faɗa. Amma Dauda ya ga murmushin Inna ya ɗan tsaya, kanta ya karkata. Ya san abin da kunnenta ya ji. Kuma maimakon ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, sai Shaiɗan ya miƙa masa igiya, ya karɓa hannu bibbiyu.

"Tsaya, Isa," ya ce da murya mai sanyi. "Ka ce babu gabas?"

"Haka ne, Yaya."

"Ba ka sanin fitowar rana, ba ka sanin faɗuwarta, ba ladan, ba gabas. Kuma ka ce wata da watanni kake can, dare da rana." Ya juya ya dubi jama'a, sannan ya dawo da idonsa. "To ina kake fuskanta in za ka yi salla?"

Abdulganiyyu ya ajiye kofinsa a hankali. A garin da ko makaho ya san inda Ka'aba take, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Da Isa yana da amsa mai kyau da ya faɗa, amma ba shi da ita, kuma fuskarsa ta nuna.

"Ɗaya ce cikin biyu, ya akhuya, ɗan'uwana," in ji Dauda, yana jin wani mugun daɗi na ratsa shi. "Ko dai babu wannan tashar, kana ta yi wa tsohuwa tatsuniya. Ko kuwa akwai ta, ɗan Inna Ummulkhairi ya yi wata da watanni bai kalli gabas ba. Zaɓi wadda ta yi maka."

Hannun Inna ya laluba ya kama gefen rigar Isa. Matar da ta tako ƙasa da ƙasa don ta mutu kusa da Ɗakin Allah, a ce ɗanta ya bar salla? Isa ya dube ta ya daɗe. Sannan ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"Yaya ya kama ni," ya ce. "Inna, ki kwantar da hankalinki. Babu wata tasha. Jirgi a cikin ƙasa, sai ka ce ɓera? Hira ce kawai ta 'yan jirgin ruwa. Ni a sarari na zauna, ina ganin rana."

Aka yi 'yar dariya ta kunya, aka fara neman takalma. Inna ta saki rigar, ta ce "Alhamdulillahi," amma ba ta sake murmushi ba. Ta ce a mai da ta ɗaki.

Unguwa kuwa ba ta mantuwa. Kafin sati ya zagayo an laƙaba masa suna, Isa Babu Gabas. A rumfar shayi in wani ya yi zuƙi ta malle sai a ce ya hau matakala mai tafiya. Wanda ya yi masa alkawarin aiki a shagonsa ya fara kame-kame. Wata safiya Dauda yana ƙasan bazan yana cika garwa, sai ya ji takun mutum a matakala. Isa ne, da akwatinsa na ƙarfe. Ya tsaya a matakin ƙarshe ya shaƙi iska, ya shafa bangon da ke tsattsafo da danshi.

"Kusan haka warin tashar yake," ya ce. "Yaya, ka san ba ƙarya na yi ba."

Dauda bai ɗago ba. "Na sani."

"Sallar ma, wata rana na yi, wata rana ban yi ba. In zan yi, sai in fuskanci inda zuciyata ta ba ni. Allah ya yafe mini. Amma gara ta ɗauke ni maƙaryaci." Ya gyara riƙon akwatin. "Akwai jirgi a Jidda. Na gaya mata aiki na samu, zan riƙa leƙowa. Ka kula da ita."

Wannan kalma ta ƙarshe ta ƙona Dauda fiye da zagi. Shi za a ce wa ya kula da ita! A da wa ke kula da ita? Haushin nan ne ya hana shi cewa ƙaninsa ya tsaya. Yana jin takun yana hawa har ya ɓace.

To, ga gida ya dawo nasa. Tsoka ta dawo kwanonsa, kiran salla ya dawo da sunansa. Amma abin ya zama kamar tuwon da aka ɗumama sau uku. Inna takan kira shi, ya juya ta, ta yi sallarta, ta kwanta ta ba bango fuska. Ta rage ci. Bayan aikin hajji na shekarar, da zazzaɓin da alhazai kan bari a gari ya zagayo, ita ya fara kamawa. Aka kawo mai magani, ya duba, ya ja Dauda gefe ya ce a yi ta addu'a.

Cikin zafin ciwon ba sunan da take kira sai Isa. An aika Jidda, aka ce jirginsu ya daɗe da tashi. Ran nan da yamma, rana ta yi ja a kan duwatsu, Dauda ya shigo ɗakin ya zauna a gefenta. Ya yi gyaran murya kawai.

"Isa?" ta ce. "Ka dawo?"

Ramlatu tana bakin ƙofa, ta zuba masa ido. Dauda ya matsa kusa da tsohuwa.

"Na'am, Inna."

"Na san za ka dawo. Kuma na san ba ƙarya ka yi ba, yayanka ne da zafin kai." Ta numfasa. "Faɗa mini wurin saukar nan. Ina so in ji kafin in tafi."

Sai a lokacin ya gane. Ashe duk kwanakin nan ba jirgi take saurare ba, ba kuma Isa ba ne kawai. Tsohuwa ce da ta san an kusa saukar da ita cikin ƙasa, ta samu wanda ya je ya dawo ya ce mata ba a jin tsoro sai ranar farko. Shi kuwa da bakinsa ya sa aka ce mata babu wurin.

Ya fara. Da farko yana kwaikwayon Isa, mai tikiti, mai tsaron ƙofa, ɗakin ajiyar kayan mantuwa. Amma bai riƙe labarin duka ba, don lokacin da ake ba da shi haushi yake ji, ba saurare yake ba. Da na Isa ya ƙare sai ya ci gaba da nasa. Ya gaya mata yadda zafin gari ke sakin mutum tun daga matakala ta farko. Yadda hayaniyar kasuwa ke raguwa har ta zama kamar ƙudan zuma a nesa. Yadda dutsen ke da sanyi a tafin ƙafa, sumul, saboda ƙafafun waɗanda suka riga ka sauka. Ya ce duhun ba ya daɗewa, ido na sabawa, sai ka ga ashe akwai haske yana biyo ka daga sama. Kuma in ka yi shiru za ka ji abu na tahowa daga nesa ta cikin dutse, ba ya tsayawa, ba ya makara.

"Yau ka fi kullum iyawa," in ji Inna. Fuskarta ta saki. Ta ɗaga hannu tana laluben kafaɗarsa. Dauda ya yi sauri ya karkata, ya ba ta ta hagu, wadda ba ta da kanta.

"Amma Isa, gaya mini gaskiya. Akwai gabas a can?"

"Akwai, Inna. Wancan karon na manta ne. Akwai mai aikin, ba abin da yake yi sai wannan. Duk wanda ya sauko, shi zai kama shi ya juya shi gabas."

"Madalla," ta ce. "Madalla." Ta daɗe tana shafa kafaɗar. Sannan ta shiga sa albarka, irin wadda Dauda ya yi shekaru yana jiran ji. Ta roƙa masa tsari daga wuta da ruwa, ta roƙa masa zuriya mai jin ƙai, ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta ce a cikin abin da ta haifa babu wanda ya sanyaya mata rai kamarsa. Kowace addu'a da sunan Isa take rufe ta. Dauda yana cewa amin, hawaye na sauka cikin gemunsa, kuma ko a wannan halin, Allah ya sani, kishin bai sake shi ba.

Da ta gama sai ta lashe leɓe.

"Ƙishirwa nake ji. Kira mini yayanka ya kawo ruwa."

Dauda ya miƙe. Ya wuce Ramlatu ba tare da ya dube ta ba, ya je randa ya ɗebo a moɗa, ya share fuskarsa da hannun riga. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama.

"Ga ruwan, Inna," ya ce. "Dauda ne."